Gaskiya ko Jita-jita: Akodiyon, Kiɗan Ayalan da Rigimar Baƙon Kayan Kiɗa a Garwa

A yawancin gidajen biki na Garwa da Marwa da Ngaundare, gurbin da a da ake shimfiɗa wa makaɗa tabarma yanzu saurayi ɗaya ne ya cike shi, yana tsaye bayan fiyano, lasifika biyu na ruri a gefensa. Dattawa sun daɗe da yanke hukunci a kan wannan: baƙon kayan kiɗa ne ya kashe na gida, kuma duk al'ummar da ta bari kayan waje suka shiga kiɗanta, to ta yi sallama da gargajiya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba kasafai ake tsayawa a auna ta ba. Akwai wata ƙasa mai nisa da ta riga mu shiga irin wannan rigima da fiye da shekara ɗari, ta kuma fito da sakamakon da ya kamata mu duba da idon basira. Ƙasar ita ce Ayalan. Kayan da aka yi rigimar a kansu kuwa su ne akodiyon da 'yar'uwarsa konsatina.

Mai bin ƙwallo a Kamaru ba zai manta da Ayalan ba. Da ita muka tashi 1-1 a Niigata ta Japan ranar 1 ga Yunin 2002, wasan da Patrick Mboma ya fara jefa ƙwallo a raga. Tsibiri ne a yammacin Ingila, mai yawan ruwan sama da ciyawa da shanu, kuma mutanen jamhuriyar miliyan 5 ne da ɗoriya. Duk da ƙarancinsu, kiɗan rawarsu ya zagaye duniya. Wanda bidiyonsu ya taɓa faɗo masa a waya ya ga yadda suke zama a da'ira, wani da gogen Turawa, wani da sarewa, wani da ɗan akwati a cinya yana ja yana matsawa, ƙafafu na buga ƙasa tare. Abin da mai kallo yake fara ayyanawa a ransa shi ne, ga mutanen da suka riƙe gadon kaka da kakanni, ba su gauraya shi da komai ba.

Wannan jita-jita ce. Akwatin nan bai cika shekara 200 a duniya ba. A 1829 wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Cyrill Demian ya yi wa akodiyon rajista a birnin Vienna na Ostiriya. A lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana kan gadon mulki a Sakkwato, kuma saura shekara 12 Modibbo Adama ya kafa Yola. Konsatina kuwa ta fito ta ƙofa biyu. Masanin kimiyya Charles Wheatstone ya ƙirƙiro tasa a Landan a daidai wannan tsakani, ya yi mata cikakkiyar rajista a 1844, shi kuma Carl Friedrich Uhlig ya fito da irin ta Jamus a garin Chemnitz a 1834. A cikin mutanen nan uku babu ɗan Ayalan ko ɗaya. Kayan ba su zama ruwan dare a ƙauyukan tsibirin ba sai a rabin ƙarni na 19 na biyu, lokacin da masana'antun Jamus suka cika kantuna da masu araha. Har yau akwatin da tsofaffin makaɗan Ayalan suka fi yabo shi ne Paolo Soprani, wanda ake ƙerawa a Castelfidardo ta Italiya. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara naɗar kiɗan Ayalan da akodiyon a faifai kuwa, a farkon shekarun 1900, John Kimmel ne, haifaffen Brooklyn ta Amurka, ɗan Jamusawa 'yan ci-rani.

Mutanen Ayalan suna da nasu tsofaffin kaya. Akwai babbar garayar nan mai tsirkiya da yawa wadda suke bugawa a kan kuɗinsu da fasfonsu, akwai kuma wata irin algaita mai salka wadda ake hura wa iska da gwiwar hannu. Su ne na asali idan asali ake nema, kuma su ne suka kusa ɓacewa. Da aka yi gangamin masu garaya a Belfast a 1792, mutum goma sha ɗaya kacal suka hallara, yawancinsu tsofaffi, wasu makafi.

Kafin mu yi wa Turawa dariya, mu waiwayi ƙofar fada. Duk ranar sallah idan Lamiɗon Garwa ko na Rai Buba ya hau, algaita da kakaki da ganguna ne ke gaba, kuma babu mai shakkar cewa wannan gargajiya ce. Amma Bafulatanin da ke bin shanu a daji sarewa ya sani. Kayan fada daga Hausawa da Barebari aka ɗauko su bayan an kafa sarautun Adamawa a ƙarni na 19, tare da makaɗan da suka iya su. Mu ma Hausawan ba da su muka faɗo daga sama ba. Algaita ta ratso Sahara ne ta iso mana, kuma rubutaccen tarihin Kano ya jingina shigowar kakaki ga Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Akwai ranar da kakaki yake sabon abu a Kano. Abin da ya mai da shi namu shi ne tsawon zaman da ya yi a hannunmu, da maganar da muka koya masa ya riƙa faɗa.

Sai batun cewa konsatina ƙaramin akodiyon ce kawai, an rage mata jiki don yara da mata. Nan ma an yi kuskure, ko da yake cikinsu ɗaya ne. Duka biyun suna da 'yan siraran harsunan ƙarfe a ciki, kowanne an ɗaure gindinsa a bakin wata 'yar taga, an bar kansa a sake. Tsakiyar akwatin kuwa fata ce mai naɗi wadda ke aiki kamar zugazugin maƙera. Idan makaɗi ya danna maɓalli sai ƙofa ta buɗe, iska ta bi ta tagar, harshen ya shiga karkarwa, karkarwar nan ita ce sautin. Dogon harshe mai nauyi yana ba da murya mai kauri, gajere ya ba da siririya. Mutanen Sin sun san wannan dabara fiye da shekara 2,000 a wani abin busarsu na gora, Turawa dai sun ɗora mata mazugi ne a madadin baki.

Bambancin yana wajen riƙo da rabon aiki. Akodiyon ana rataya shi a kafaɗa, hannun dama na fitar da waƙa, hagu na jan mazugi yana danna sautuka masu kauri na rakiya. Konsatina 'yar ƙarama ce mai kusurwa shida, a kan gwiwa ake ɗora ta, kuma waƙar tana rabe tsakanin hannaye biyu: wasu sautuka a dama, wasu a hagu. Irin wadda ake amfani da ita a Ayalan maɓalli 30 gare ta, kowane maɓalli da murya biyu, ɗaya idan an matsa, wata daban idan an ja. Wato wanda ya ƙware a akodiyon, idan aka miƙa masa konsatina, ɗan koyo ne. Har a cikin masu akodiyon ɗin ma akwai mazhaba biyu. Paddy O'Brien na lardin Tipperary ya fito a shekarun 1950 da salo mai santsi, wanda ba a yawan juya mazugi, Joe Burke ya ɗora a kai har ya zama abin kwaikwayon matasa. Joe Cooley na lardin Galway, wanda ya rasu a 1973, ya tsaya kan tsohon salon ja da matsa, inda kowane juyi ke ba kiɗan wani tsalle da mai rawa ke ji a ƙafarsa. Har gobe magoya bayan salon biyu ba su daina gardama ba, kuma irin wannan gardama alama ce ta kiɗan da ke da rai.

Abin da ke gaskiya a cikin waccan magana shi ne alaƙar konsatina da mata. A lardin Clare, inda ta fi kafuwa, abar cikin gida ce. Tana da araha, ba ta da nauyi, ana ajiye ta kusa da murhu don kada danshi ya lalata ta, kuma matan manoma da yawa sun iya ta. Mai karatu zai tuna da matsayin shantu da kiɗan ƙwarya a gidajenmu, da yadda Barmani Choge ta fito da shi daga tsakar gida zuwa idon duniya. Tasu Barmanin ita ce Elizabeth Crotty ta garin Kilrush, wadda aka haifa a 1885 ta rasu a 1960. Sai da ta tsufa gidan rediyon ƙasar ya naɗi kiɗanta a shekarun 1950, sunanta ya bazu. Daga baya Noel Hill, shi ma ɗan Clare, ya kai konsatina manyan dandamali, Sharon Shannon kuma ta yi wa akodiyon irin haka da faifanta na farko a 1991.

Maganar da ta fi ba ni haushi ita ce wai wannan kayan Turawa ne, hannun Baƙar fata bai dace da shi ba, kuma ba zai iya ɗaukar waƙoƙinmu ba. Afirka cike take da shaidun da ke ƙaryata wannan. A Nijeriya I. K. Dairo ya shigar da akodiyon mai maɓalli goma cikin kiɗan juju na Yarabawa, ƙungiyarsa ta Blue Spots ta mamaye shekarun 1960, har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar MBE a 1963. A Saliyo Salia Koroma ya shafe rayuwarsa yana rera tarihi da habaici cikin harshen Mende da akodiyon a ƙirji. Basotho da suka je haƙar ma'adinai a Afirka ta Kudu sun ɗauki konsatina a shekarun 1920, daga baya suka koma akodiyon, suka haifi kiɗan famo wanda yau shi ne tambarin ƙasar Lesoto. Zulu sun sake jera sautukan konsatina don ta bi waƙarsu. A tsibiran Cape Verde talakawan karkara sun gina funana a kan akodiyon da wani sandan ƙarfe da ake gogawa da wuƙa, duk da cewa 'yan mulkin mallakar Fotugal suna ƙyamarsa. Misirawa kuwa buɗe akwatin suka yi suka goge harsunan da zarto har suka ba da sautukan tsakani na waƙar Larabawa.

Kunnen mutumin Garwa ma ba baƙon muryar ba ne, ko da bai san sunan abin ba. Waƙoƙin Sudan da aka daɗe ana sauraro daga Anjamena zuwa Marwa zuwa Kano suna ɗauke da akodiyon a tsakiyar gogunan Turawa, kamar yadda ake ji a ƙungiyar Abdul'aziz al-Mubarak. Waƙar Sudan kuwa a kan sautuka biyar take tafiya, kamar galibin waƙoƙinmu, don haka zancen cewa akwatin ba zai ɗauki karin muryarmu ba ya faɗi tun a nan. Masu kallon finafinan Indiya kuma sun ga Raj Kapoor rungume da shi a fim ɗin Sangam na 1964. Harmoniyar da mawaƙan Indiya ke zama a ƙasa suna zugawa da hannu ɗaya, ita ma 'yar gidan ce.

To me ya hana akodiyon kafuwa a bakin Binuwai? Tambayar tana da nauyi, domin a wancan zamani Jamus ce babbar mai fitar da waɗannan kaya zuwa duniya, kuma Jamusawa sun riƙe Garwa daga 1901 har zuwa Yunin 1915, lokacin da sojojin Ingila da Faransa suka karɓe ta. Wasu za su ce don Hausa harshe ne mai karin sauti, kalangu da goge suna lanƙwasa murya su yi magana, akodiyon kuwa kowane harshensa a ƙafe yake wuri ɗaya. Hujjar tana da ɗan ƙarfi, amma ba ta isa ba, domin Yarabanci ma harshe ne mai karin sauti, kuma Dairo ya warware matsalar cikin sauƙi: ya bar wa ganga maganarta, ya ba akodiyon zaƙin waƙa. Fulatanci kuwa ba shi da karin sautin ma sam. A ganina dalilin yana ga tsarin zama. Duk inda akwatin ya yi saiwa a Afirka, wuri ne na tashar jiragen teku, ko ramin haƙar ma'adinai, ko makarantar mishan, inda ɗan ƙwadago ke da 'yan kuɗi a aljihu ya sayi abin ɗebe kewa ya koya wa kansa. A ƙasarmu kiɗa sana'a ce ta gado, kuma kowane kaya yana da ubangida. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta, gangar noma ta manoma, tambari da kotso da taushi na sarakuna. Abin da ya zo ba shi da ubangida, ba shi da gidan da zai gaje shi, da wuya ya sami wurin zama. Ɗan gidan da ba na makaɗa ba kuwa bai isa ya sayi abin kiɗa ya shiga da shi gidan ubansa ba.

Ana kuma cewa kiɗan Ayalan kiɗan mashaya ne. Wannan rabin gaskiya ne, kuma rabin da aka bari ya fi koyarwa. Gaskiya ne yau mafi yawan zaman kiɗan da baƙo zai gani a gidajen giya ake yinsa. Amma al'adar ba ta daɗe ba. A ƙarshen shekarun 1940 ta kankama, a tsakanin leburorin Ayalan da ke aikin gini a Landan, waɗanda ke kwana a ɗakunan haya da ba a yarda da hayaniya ba. Kafin nan gidan kiɗa shi ne ɗakin girki na manomi, inda maƙwabta ke taruwa da dare tsoho da yaro, ko mararrabar hanya da rani. Abin da ya rushe wannan doka ce. A 1935, da goyon bayan manyan limaman coci masu ganin raye-rayen dare na ɓata tarbiyya, gwamnati ta kafa dokar da ta wajabta lasisi ga wurin rawa. Rawar gida ta shiga halin tsoro, jama'a suka koma manyan zauruka na biyan kuɗi, kiɗan kuma ya bi masu hijira. Mun san irin wannan labari. Goge ya daɗe yana ɗauke da tambarin bori da gidan giya, har ya zama ɗan mutunci ba ya so a gan shi kusa da mai goge, alhali itace ne da ƙwarya da gashin wutsiyar doki. Hukuncin kiɗa a shari'a magana ce ta malamai, ba ita ta tara mu nan ba. Abin da tarihi ya nuna dai shi ne, idan aka kori kiɗa daga gaban iyaye, ba mutuwa yake yi nan take ba, komawa yake inda iyayen ba sa zuwa.

Zancen cewa sai wanda ya iya karatun alamomin kiɗa na boko ne zai buga kiɗan Ayalan, shi ma ba haka yake ba. Da kunne ake ɗaukarsa, yaro na zaune kusa da babba, kamar yadda ɗan kalangu ke koyo a bayan ubansa. Sai dai rubutu ya yi musu rana wajen ajiya. Francis O'Neill, ɗan Ayalan da ya zama shugaban 'yan sandan Chicago, ya bi makaɗa 'yan ci-rani yana tattara abin da ke kansu, ya buga littafi mai ɗauke da kiɗa 1,850 a 1903. Da yawa daga ciki da sun bi masu su kabari.

Yanzu mu koma ga hukuncin dattawanmu. Shin baƙon kaya yana kashe na gida? Zan yi musu adalci: akwai abin da yake kashewa, kuma mutanen Ayalan sun gani da idonsu. Tsofaffin masu goge da algaitarsu suna da wasu sautuka da ke faɗawa tsakanin sauti da sauti, suna kuma zamewa daga wannan zuwa wancan. Akodiyon ba ya zamewa. Ga shi da ƙara, yana danne goge a babban zaure, don haka masu goge suka riƙa daidaita yatsunsu da shi, kunnen jama'a ya saba da sabon ma'auni. Faya-fayan da aka naɗa a New York a shekarun 1920, musamman na mai goge Michael Coleman, su ma sun sa kowa na kwaikwayon salo ɗaya, salon ƙauyuka da dama ya dushe. Shahararren masanin kiɗansu Seán Ó Riada ya yi wa akodiyon kaca-kaca a jerin shirye-shiryensa na rediyo a farkon shekarun 1960. Amma ko shi, da ya tashi kafa ƙungiyarsa, sai da ya sa masu akodiyon a ciki, domin ya san akwai hannun da ke iya sa akwatin ya bi waƙar maimakon ya take ta.

Abin da ya kusa kashe kiɗan gaba ɗaya kuwa ya riga akwatin isa ƙauyukan. Yunwar da ta auka wa tsibirin daga 1845 ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamar haka suka tsere, ƙauyuka suka zama kufai. Bayanta hijira ta ci gaba da kwashe matasa, aka kuma zo zamanin da ɗan birni ke jin kunyar kiɗan ƙauye. A wannan hali akodiyon da konsatina, masu araha da sauƙin farawa, su ne suka riƙe waƙoƙin a gidajen da ba su da mai algaita. Farfaɗowar kuma da gangan aka yi ta. A 1951 wasu makaɗa suka haɗu a garin Mullingar suka kafa ƙungiyar Comhaltas, ta buɗe rassa da azuzuwan yara da gasar shekara-shekara wadda yau dubban ɗaruruwan mutane ke halarta. A 1968 masu algaitar salka, da suka ga sun kusa ƙarewa, suka kafa tasu ƙungiyar don koyar da busa da ƙira. Daga 1973 garin Miltown Malbay ya fara karɓar ɗalibai na mako guda kowane Yuli don tunawa da mabushi Willie Clancy. A 1987 aka buɗe ma'adanar kiɗan gargajiya a Dublin. A 2017 UNESCO ta sa algaitar tasu cikin jerin gadon ɗan Adam, garayar ta biyo baya a 2019. Tsohon kaya da baƙon kaya suna zaune yau a da'ira ɗaya.

Nan ne misalin ya rabu da halin da muke ciki, kuma rabuwar ce ta fi damuna. Akodiyon mutum ɗaya yake ƙarawa cikin makaɗa. Kowane sauti sai yatsa ya danna, kowane numfashi sai hannu ya ja, mai shi kuma dole ya saurari na kusa da shi ya bi ƙafar mai rawa. Fiyanon biki da na sitidiyo ba haka yake aiki ba. A cikinsa akwai ganguna da aka riga aka shirya a masana'anta, ana danna maɓalli ɗaya su yi ta gudu ba gaba ba baya. Ba ya jiran mawaƙi ya ja numfashi, ba ya kiran sunan mai liƙi, ba ya kirari. Mafi muni, ya sallami mutum biyar ko shida daga aiki a lokaci ɗaya, kuma mai kalangun da ba a gayyata biki ba ba zai ce wa ɗansa zo ka koya ba. Ban manta da alherinsa ba: ya buɗe wa yaran da ba 'ya'yan makaɗa ba ƙofar da gado ya rufe musu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Garwa ma ta ga yadda ake haɗa sabo da tsoho ba tare da an zubar da ɗaya ba. Ali Baba, ɗan garin, wanda ya rasu a 1989, ya ɗora kayan zamani a kan kiɗan Fulani da Hausa har kudancin ƙasar ya waiwayo, Isnebo da ƙungiyar Faadah Kawtal suka bi sawu. Don haka hukuncin dattawa ya sami rabin maki. Laifin ba na baƙunci ba ne. Tambayar da za a yi wa kowane sabon kaya ita ce, zama zai yi tare da makaɗa ko korarsu zai yi.

Ga wanda sha'awa ta kama har yake tunanin sayen akwatin, akwai gargaɗi ɗaya da mai sayarwa a Turai ba zai tuna ya yi masa ba. Harsunan akodiyon da kakin zuma gauraye da ƙaro ake manne su. Zafin Garwa na Maris da Afrilu yana haura digiri 40, kuma cikin motar da aka rufe a rana ya fi haka nesa, kakin zai yi laushi harsunan su zame. Ƙurar hunturu ma tana shiga ta toshe su, bushewar iska ta tsage katako. Konsatina ta ainihi kuwa, irin ta Jeffries ko Wheatstone, kuɗinta dubban Yuro ne.

Amma ba sayen akodiyon nake kira a yi ba. Abin ɗauka daga Ayalan shi ne aikin da suka yi bayan sun farga. Arewacin Kamaru ya fi su yawan dukiyar da za a ajiye: ga algaita da kakakin fadoji, ga geegeeru da moolooru na Fulani, ga garayar mutanen duwatsun Mandara, ga rawar gurna ta Tupuri, ga kalangu da goge da kukuma na unguwannin Hausawa. Wani Bajamushe, Veit Erlmann, ya zauna da mawaƙan Fulani na yankin Marwa a shekarun 1970 ya rubuta littattafai a kansu, amma da Jamusanci, harshen da jikokin waɗanda ya yi hira da su ba sa karantawa. Yanzu muna da jami'a a Ngaundare, da Marwa tun 2008, da Garwa tun 2022, kuma wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ta fi na'urar da aka naɗi Elizabeth Crotty da ita.

Kirana ga masu martaba lamiɗai shi ne kowace fada ta ɗauki nauyin yara kaɗan su zauna da sarkin makaɗa da sarkin busa, a riƙa ba malami da ɗalibi abin hasafi. Gidan rediyon Garwa ya kwashe duk wani tsohon faifai da ke ajiye ya zuba a kwamfuta kafin zafi ya cinye shi. Jami'o'i su tura ɗalibai ƙauyuka su naɗi tsofaffi, da sunan kowane kiɗa da wanda aka yi wa shi. Kai kuma mai shirin aurar da ɗa ko 'ya bana, idan ka biya mai fiyano, ka ware wani abu ka kira mai kalangu ko mai goge ya zo da yaronsa.